Hanyar da fim ɗin Hausa zai bi ya kai bikin Berlin

Tun da kwamitin Najeriya ya zaɓi Mai Martaba, fim ɗin da Prince Daniel Aboki ya ɗauka a Daura, ya wakilci ƙasar a gasar Oscar ta 2025, matasanmu masu harkar fim a Katsina da Daura suka fara tambayar yadda ake kai fim bukukuwan ƙasashen waje. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta a bayyane take ga wanda ya karanta ƙa'idojin bukukuwan. Abin da nake so 'yan uwa su gane tun daga farko shi ne, yawancin finafinanmu ba a kan labari suke faɗuwa ba. Suna faɗuwa ne tun kafin wani alƙali ya kai ga auna labarin: an riga an saki fim ɗin a intanet, ko sautinsa bai fita ba, ko fassarar da ke ƙasa ta gagara karantuwa, ko babu takardar izinin waƙar da aka saka. Duk waɗannan abubuwa ne da ke hannunmu.

Zan ɗauki bikin Berlin na ƙasar Jamus, wanda ake kira Berlinale, in yi bayani a kansa, domin cikin manyan bukukuwa uku na Turai shi ne ya fi buɗe ƙofa ga finafinan Afirka da ƙananan masu shiryawa. Sauran biyun su ne Cannes na Faransa a watan Mayu, da Venice na Italiya a ƙarshen Agusta zuwa Satumba. An fara na Berlin a 1951, a lokacin da rani ake yinsa, sai a 1978 aka mayar da shi watan Fabrairu, kuma a nan yake har yau, kwana goma da 'yan kai kowace shekara. Harshenmu ma ba baƙo ba ne a can. A 2018 an nuna Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan an gano kwafinsa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi. Mutanen Jamus sun sayi tikiti sun zauna sama da awa biyu suna sauraron Hausa.

Bikin ba zaure ɗaya ba ne, kuma rashin sanin haka yana sa mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba. Akwai babbar gasa, wadda finafinai kusan ashirin kacal ke shiga cikin dubban da ake aikawa. A nan ake ba da kyautar Beyar ta Zinare, domin dabbar beyar ita ce tambarin birnin Berlin. Kyautar ta fim ce baki ɗaya, furodusa ke karɓa. Bayanta akwai Beyar ta Azurfa kala bakwai: babbar kyautar alƙalai, kyautar alƙalai, darakta, babban jarumi, mataimakin jarumi, rubutun labari, sai kuma wadda ake ba wanda ya yi fice a wani sashen fasaha, kamar ɗaukar hoto ko tacewa ko tsara wuri. Tun 2021 aka daina raba kyautar jarumai gida biyu, maza daban mata daban. Kyauta ɗaya ce, wanda ya fi iyawa ya ɗauka. Alƙalan ba su cika wuce bakwai ba, ana sauya su duk shekara. A 2024 Lupita Nyong'o 'yar Kenya ce ta shugabance su, kuma a shekarar ne Mati Diop ta ci Zinare da Dahomey, fim ɗin gaskiya mai minti 68 kan kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin. A 2005 wani fim na Afirka ta Kudu da aka yi da harshen Xhosa, U-Carmen eKhayelitsha, shi ma ya ci. Ashe ba tsawon fim ake dubawa ba, ba kuma Turanci ba.

To amma gaskiya ita ce, mai fim na farko ko na biyu daga Katsina bai kamata ya kafa idonsa kan babbar gasa ba. Sashen Forum shi ne na finafinan da suka zo da salon da ba a saba gani ba. Nan aka nuna Shaihu Umar, nan kuma aka nuna Eyimofe na 'yan uwan nan biyu Arie da Chuko Esiri a 2020. Panorama na finafinan da ke jan 'yan kallo ne, kuma 'yan kallon ne ke kaɗa ƙuri'ar kyautarsa. Perspectives sabon sashe ne da aka buɗe a 2025 domin wanda ya yi dogon fim ɗinsa na farko. Akwai sashen gajerun finafinai, waɗanda ba su wuce minti 30 ba, shi ma da Beyar ta Zinare tasa, kuma wanda ya ci ta ya samu damar shiga takarar Oscar ta gajerun finafinai. Sai Generation, sashen finafinan da suka shafi yara da matasa, inda yaran da kansu ke zama alƙalai su ba da Beyar ta Ƙarau. A ganina wannan sashen ne ya fi dacewa da mu, kuma shi ne muka fi sakaci da shi. Wa ya kai mu labarin yara? Almajirin da ke tsangaya, yarinyar da ke talla tana son makaranta, yaron da ya gaji kiwon shanu ko kiɗan fada, ɗan da aka raba da ƙauyensu saboda rashin tsaro. Ba cewa nake a je a sayar da wahalarmu ba. Masu zaɓe sun ƙoshi da finafinan neman tausayi. Yaro suke so su gani mai wayo da buri da laifinsa, wanda aka ɗauka da mutunci.

Yanzu ga babbar matsalar. Berlin tana son ta zama ita ce ta fara nuna fim, ko dai a duniya baki ɗaya, ko aƙalla a wajen ƙasar da aka yi shi, kuma ba ta karɓar wanda aka riga aka saka a talabijin ko intanet. Haka kuma dole a ce an kammala shi cikin wata goma sha biyu kafin bikin. Nunin farko kamar ƙwayar ashana yake, sau ɗaya ake ƙyasta shi. Mu kuwa tsarin kasuwarmu ya koma YouTube: a gama tacewa ranar Laraba, a ɗora ranar Juma'a, saboda furodusa yana jiran kuɗinsa su dawo. Na san matsin da ke cikin wannan, ba ina zargin kowa ba ne. Amma duk wanda ya yi niyyar biki, dole ya yanke shawara tun kafin a kunna kyamara cewa fim ɗin nan zai zauna a rufe na tsawon wata shida zuwa shekara guda. Goge shi daga YouTube bayan an ɗora ba ya gyara komai, domin masu zaɓe suna bincikawa, kuma wasu sun riga sun kwafa. Tallan fim na minti ɗaya ko biyu ba laifi. Abin da ke kashe fim shi ne cikakken kwafi ya fita, kuma yawanci daga gida yake fita: edita ya tura wa jarumi ya gani, jarumi ya tura wa abokinsa, kafin mako ya zagayo yana Telegram da shagunan masu tura fim a waya. Maganin shi ne kwafi ya tsaya a wurin mutum biyu, darakta da edita. Wanda dole ya gani, ya zo ya zauna ya kalla a ɗakin tacewa. In dole sai an tura, a ɗora a Vimeo da kalmar sirri, a rubuta sunan wanda aka tura wa a jikin hoton.

Haka nan a kiyayi ƙona nunin farko a ƙaramin biki. Shafin FilmFreeway, inda ake tura finafinai zuwa bukukuwa ta intanet, cike yake da su, wasu na gaske, wasu kuwa kasuwar sayar da tambari ce kawai. Alamunsu ba su ɓuya: suna ba da kyauta duk wata, rukunan kyautarsu sun kai hamsin ko fiye, ba su da sunan zauren da suke nuna fim, ba su da sunayen alƙalai, kuma da ka ci sai a ce ka biya kuɗin kofi. Irin wannan tambarin ba ya ƙara wa fim daraja a idon wanda ya san harkar, ga shi kuma ya cinye maka damar shiga babban biki. Berlin da Cannes a shafinsu na kansu ake cike fom. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai shigar maka da fim ta bayan fage, ka riƙe kuɗinka.

Lokaci kuma baya-baya ake lissafa shi. Ana buɗe karɓar finafinai a kaka, a rufe na dogaye wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, gajeru su ɗan ƙara kwanaki; a duba shafinsu tun watan Satumba domin ranar takan motsa. Dogon fim yana cin wata uku zuwa huɗu a tacewa in ana so ya nuna, sauti wata guda zuwa mako shida, gyaran launi mako biyu, fassara mako biyu zuwa uku. Ka ga ke nan wanda bai gama ɗauka kafin Afrilu ko Mayu ba, cikin gaggawa zai ƙarasa. A yankinmu wannan ya yi daidai, domin daga Disamba zuwa Fabrairu ne aiki ya fi daɗi, kafin zafin bazara ya sa kyamara ta riƙa ɗaukar zafi tana kashe kanta. Hazon hunturu yana tausasa hasken rana, hoto ya fito da kyau, amma ƙurarsa tana shiga cikin kyamara. Kada a sauya gilashin kyamara a fili. A shiga mota ko ɗaki, a rufe, a juya bakinta ƙasa. Ɗigon ƙura ɗaya da ba ka gani a waya, a allon sinima mai faɗin mita goma sha biyar zai kai girman kan mutum. Wanda labarinsa ke son koren damina, ya ɗauka a Agusta ya nufi karɓar finafinai ta shekara mai zuwa, kada ya ce sai na bana. Suna karɓar fim ɗin da bai gama gyaran launi ko haɗa sauti ba, muddin an gama yanka shi kuma an bayyana abin da ya rage, amma kallo ɗaya za su yi masa.

Sai sauti, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne ciwonmu yake. Ɗan kallo yana yafe hoto mai rauni, ba ya yafe maganar da ba ta fita. Muna kashe kuɗi a hayar kyamara mai tsada, sannan a bar sauti a hannun duk wanda ke kusa. Mai ɗaukar sauti mutum ne mai zaman kansa, da na'urarsa daban da kyamara, da mai riƙe sandar makirfo, da abin sauraro a kunnensa koyaushe. A ɗauka a 48 kHz, bit 24. Makirfon sanda ya kasance saman kan mai magana, bai wuce kamu biyu ko uku ba, a sa masa rigar gashi saboda iskar hunturu. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a jiki yana taimako, amma shadda mai sitaci da babbar riga suna goga shi su cika sautin da ƙara, mayafi ma haka. Sai an naɗe shi an manne da kyau, an kuma gwada jarumin yana tafiya kafin a fara. Janareta a kai shi nesa, mita hamsin ko fiye, a bayan katanga, a ja waya mai kauri. A kashe firji da fanka. A san lokutan kiran salla a tsara hutu a kansu. Babura da Keke Napep ba su da magani sai sammako ko neman unguwar da ba ta bakin titi. Kafin a tashi daga kowane wuri, kowa ya yi shiru a ɗauki sautin wurin na minti ɗaya. Wannan minti ɗayan shi edita zai shimfiɗa a ƙarƙashin magana, in babu shi sai a ji sauti yana yankewa yana dawowa duk lokacin da hoto ya sauya.

Al'adar sake ɗora murya a situdiyo gaba ɗaya ita ma tana cutar da mu. Muryar da aka ɗauka a ƙaramin ɗaki ba ta zama a bakin mutumin da ke tsaye a filin Kangiwa. Kunne yana ganewa ko da mai shi bai san dalili ba. A sake layin da ya lalace kawai. Wajen haɗawa kuma, a ware magana daban, kiɗa daban, sauran ƙararraki daban, a adana kowanne. Sinima tana fitar da magana ta lasifikar tsakiya da ke bayan allo, shi ya sa ake son haɗin 5.1, wato na lasifika shida, ko aƙalla hagu da tsakiya da dama. Sautin da aka matse domin ya yi ƙarfi a waya, in ya shiga zaure sai ya riƙa dukan kunne. Kuma a rage kiɗan da ake shimfiɗawa tun daga farkon fim har ƙarshe. Shiru ma yana magana. Game da waƙa da rawa, ban ce a cire su don kunyar Turawa ba. U-Carmen waƙa ce daga farko har ƙarshe. Sharaɗin dai shi ne waƙar ta tura labari gaba. In za a iya cire ta ba tare da an rasa komai ba, to a cire.

A ɓangaren hoto abu uku ne ke yawan dawowa. Wutar lantarkinmu 50 Hz ce, saboda haka in ana ɗauka da fitilun gida a bar shata, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, a 1/50, ko ana kan firam (adadin hotuna a daƙiƙa) 24 ko 25, in ba haka ba hoto zai riƙa ƙyaftawa. A zaɓi firam ɗaya tun ranar farko, duk kyamarori su bi shi, har da jirgin ɗaukar hoto. 24 ne ya fi tafiya a kowace sinima. Na uku, farar riga da baƙar fata a tsakar rana: in ka daidaita wa fuska, riga ta ƙone, in ka daidaita wa riga, fuska ta ɓace. A ɗauki na waje daga safe zuwa hantsi, sannan bayan la'asar, a yi amfani da allon mayar da haske, a kuma roƙi mai kayan sawa ya kawo ruwan madara ko toka-toka a madadin fari fat. Kowace rana a kwafe abin da aka ɗauka a hadis biyu, wato na'urar ajiye fayil ta kwamfuta, su kwana a gida biyu.

Fassarar ƙasan allo ita ce bakin fim ɗinka a wurin wanda ba ya jin Hausa, kuma masu zaɓe da Turanci za su karanta. Layi biyu ne iyaka, kowane layi kada ya wuce harafi 42, ya tsaya a allo tsakanin daƙiƙa ɗaya da shida. Manhajar Subtitle Edit kyauta ce, tana nuna maka inda ka cika rubutu fiye da yadda ido zai iya bi. Gaisuwarmu doguwa ce, ba a fassara ta ɗaya bayan ɗaya. A ba da ta farko da ta biyu, sauran kunne zai gane gaisuwa ce. Karin magana da kirari da habaici ma'anarsu ake bi, in aka bi kalma sai su zama shirme, kuma wannan aikin mutum biyu ne: wanda Hausa ta zauna masa, da wanda Turanci ya zauna masa. A sassan Turanci da Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma akwai masu iya wannan, a biya su haƙƙinsu. In an gama, a samu wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan ya kalla, sannan ya ba da labarin da bakinsa. Inda ya ɓata, nan fassara ta gaza. A kuma ajiye kwafin fim wanda ba a manna rubutu a jikinsa ba, fassarar tana fayil ɗinta daban, domin wani bikin zai ɗora Jamusanci ko Faransanci.

Takardu su ne abin da muka fi raina, su ne kuma ke hana ciniki bayan an sha wahala. Kamfani ya zama mai rajista. Marubuci ya sa hannu cewa ya miƙa haƙƙin labarin. Kowane jarumi ya sa hannu, yaro kuma iyayensa ko waliyyinsa su sa masa. Wurin da aka ɗauka a samu izininsa a rubuce. Wanda zai ɗauki rijiyar Kusugu, ko hasumiyar Gobarau, ko ƙofar fada, ko hawan salla, ya bi ta masarauta da hukumar da ke kula da wurin tun da wuri, da wasiƙa, ba ranar ɗauka ba. Waƙa kuwa haƙƙi biyu gare ta, na wanda ya tsara ta da na wanda ya mallaki faifan. Mutum ya ji waƙar marigayi Alhaji Mamman Shata ta dace da fitowarsa, ya ɗora, yana ganin ai ta kowa ce. Ba haka ba ne. Ya rasu a 1999, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya kuwa tana kare aikin mawaƙi shekara 70 bayan rasuwarsa, saboda haka sai da izinin magada. Ko waƙar da ke fita daga rediyon mai shayi a bayan jarumi tana cikin lissafi. Mafi sauƙi shi ne a ɗauki makaɗi a biya shi ya yi sabon kiɗa, a rubuta yarjejeniya. Fom ɗin bikin zai nemi taƙaitaccen labari, tarihin darakta da hotonsa, sunayen ma'aikata, da hotuna masu inganci daga cikin fim. A sa mai hoto a lokeshan saboda wannan. Kuɗin shiga da Yuro ake biya, katin naira kuma ba kullum yake wucewa ba, don haka a tanadi katin asusun dala mako biyu kafin ranar rufewa.

In Allah ya sa an zaɓi fim, za a nemi DCP, wato kwafin da injin sinima ke karantawa. Girman hotonsa 1998 da 1080 ne, ko 2048 da 858 in mai faɗi ne, kuma na dogon fim yakan kai gigabayit 100 zuwa 200. Manhajar DCP-o-matic kyauta ce, tana yinsa daga babban kwafin fim mai inganci da ake kira ProRes. Wanda ya ɗauka a firam 25 ya zaɓi tsarin DCP da ake kira SMPTE, domin tsohon tsarin Interop 24 ya sani. Kada a aika sai an kai shi sinima ta gaske a Kano ko Abuja an kalla daga farko har ƙarshe, ana duba ko baki da murya sun daidaita, ko launi bai koma kore ba, ko allo bai yanke fassara ba. Ɗora gigabayit 150 da intanet ɗinmu aikin kwanaki ne, a fara da wuri. Bikin zai turo takardar gayyata, da ita ake neman bizar Schengen ta shiga Jamus, tare da inshorar lafiya mai ɗaukar aƙalla Yuro 30,000. Samun ranar ganawa a ofishin jakadanci shi ne ke cin lokaci, a nema a ranar da gayyata ta iso. Berlin a Fabrairu sanyinta yana kaiwa ƙanƙara, ya wuce hunturun Daura nesa ba kusa ba.

Kuma ba sai da gamammen fim ake shiga Berlin ba. Shirin Berlinale Talents, wanda aka fara a 2003, yana gayyatar matasa kusan 200 duk shekara, ba daraktoci kaɗai ba, har da masu ɗaukar hoto, editoci, masu sauti, marubuta da jarumai. Ana nema ta intanet da damina, da samfurin aikin da mutum ya taɓa yi. Akwai reshensa a Durban ta Afirka ta Kudu. Asusun World Cinema Fund, tun 2004, yana tallafa wa finafinan yankuna irin namu, kuɗin yana bi ta hannun abokin aiki a Jamus amma a ƙasar mai fim ake kashe shi. A gefen bikin kuma kasuwar finafinai ta Turai ke ci, inda dillalai ke sayen haƙƙin nunawa. Kyauta daɗi gare ta, amma dillalin da zai kai fim ɗinka ƙasashe goma shi ne zai sa ka iya yin na gaba. Shi ya sa nake ba matasa shawarar su fara da gajeren fim na minti goma zuwa goma sha biyar, wuri biyu ko uku, jarumai kaɗan, kwana huɗu ko biyar na ɗauka, a zuba kuɗin a sauti da fassara. Minti goma sha biyar ɗin yana da dalili: iyakar da Cannes ta sa wa gajerun finafinan gasarta ke nan, ka ga fim ɗaya ya dace da ƙofa biyu.

In amsar Berlin ta zo babu, kuma mafi yawan masu aikawa ita suke samu, ba a ɗora fim a YouTube washegari cikin fushi. Ana bin layi ne daga wanda ya fi tsananta sharaɗin nunin farko zuwa mai sauƙi. Bayan Berlin akwai Cannes, inda My Father's Shadow na Akinola Davies Jr. ya zama fim ɗin Najeriya na farko a jerin zaɓaɓɓun bikin a 2025. Akwai Durban a tsakiyar shekara, Venice da Toronto a Satumba, Carthage ta Tunisiya da Marrakesh ta Maroko a ƙarshen shekara. FESPACO ta Wagadugu a Burkina Faso, wadda aka fara a 1969, duk shekara biyu ake yinta, a shekarun mara. Maƙwabcinmu Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin babbar kyautarta a 1972, Newton Aduaka ɗan Najeriya ya ci a 2007. A gida akwai AFRIFF a Legas cikin Nuwamba, da Zuma na Hukumar Finafinai a Abuja. Kyaututtuka irin su AMAA, kyautar finafinan Afirka, ba su hana fim ɗin da ya riga ya fita, a nan ne The Milkmaid, wanda yawancinsa Hausa ne, ya ci gwarzon fim a 2020, Maryam Booth ta ci mataimakiyar jaruma. Don haka su ne na ƙarshe a layi.

Mai hangen Oscar kuma ya san cewa ba biki ba ce, kuma a bisa al'ada ba a aika mata fim kai tsaye a rukunin ƙasashen waje. Kwamitin ƙasa ne ke zaɓar fim ɗaya tak a shekara. Fiye da rabin maganar fim ɗin dole ta zama ba Turanci ba, dalilin da ya sa aka cire Lionheart na Najeriya a 2019 ke nan, mu kuwa wannan sharaɗin bai dame mu ba. Wanda ya dame mu shi ne na sinima: sai an nuna fim ɗin kwana bakwai a jere a gidan sinima mai sayar da tikiti, kafin ya hau talabijin ko intanet. Wannan yana bukatar takardar Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, da yarjejeniya da gidan sinima a Kano, Abuja ko Legas, da ajiye shaidar tallan da aka yi da ta tikitin da aka sayar a kowace rana cikin bakwai ɗin.